Daga Wasiƙar Abijan Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Cin Abinci Da Rubutu A Ƙasar Adar



A watan Janairun da ya wuce wani dattijo ya tare ni a ƙofar makarantarmu nan Tawa bayan an tashi. Ɗansa ni na karantar da shi a firamare, yanzu yana ajin ƙarshe na kwaleji, saura 'yan watanni ya zauna jarrabawar birbe. Yaron ya matsa wa uban lamba a sayar da ɗan bijimin da suke kiwo a saya masa babbar waya, wai zai bar karatu ya riƙa rubutu da bidiyo a intanet ana biyan shi da dala. Dattijon ya ce mini: "Mushe, ni dalar da na sani tamma biyar ce, ko goro ba ta saye yanzu. Wadda yaron ga yake hwaɗi wai ta Amurka ce. Kai ka yi lakwal, gaya mini tsakaninka da Allah, akwai kuɗi cikin wayar ga ko babu?"

Na ce masa, "Baba, akwai, amma maganar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya." Da dare na same shi gida, muka zauna da shi da yaron. Abin da na gaya musu shi ne zan shimfiɗa a nan, domin na san ba gidansa kaɗai ake wannan ja-in-ja ba. Na fara musu ne da tarihi, saboda samun kuɗi da rubutu tsohuwar sana'a ce a Adar, kuma duk wanda ya san yadda ta rayu da yadda ta mutu a baya zai fi gane abin da ke cikin wayar.

Zamanin tawada da alƙalamin kara

Marigayi Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa take ɗauke da sunansa yau, ya wallafa littafinsa a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa a 1975. Daga irin wannan bincike muka san yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar Adar a ƙarshen ƙarni na 17, da yadda zuriyarsa suka riƙe sarautar da ke Illela har yau. Ƙasa ce da ke kan hanyar ayari tsakanin Abzin da Kabi da Gobir, kuma inda ayari ke bi ilimi ma yana bi. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a wannan yanki ya ƙare rayuwarsa, kusa da Madawa.

A wancan zamani babu injin ɗab'i. Mai son littafi sai ya nemi malamin da zai kwafa masa da hannu. Takardar ma daga Italiya take fitowa, ta bi ta Tarabulus ta ƙetare hamada a bayan raƙumi, saboda haka tsadarta ba ta barin a ba wanda hannunsa bai faɗa ba. Mai kwafa yakan yi shekaru yana wanke allo kafin a yarda ya taɓa takarda. Ana biyan shi da wuri ko hatsi ko tufa, kuma in ya gama yakan rubuta sunansa a ƙarshen littafin ya roƙi mai karatu addu'a. Sunan nan shi ne tallarsa. In aka same shi da tsallake layi ko canza kalma, labari zai riga shi isa gari na gaba.

Zamanin bida da wasiƙa

Da Faransawa suka kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20 suka ɗora haraji na tsabar kuɗi, sai mazan Adar suka fara fita nema da rani, abin da muke kira bida. Da farko Kumasi da Akra aka fi nufa, da biranen Najeriya. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, a 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka a Najeriya, ga kuma farin 1973 da na 1984 da suka share rumbuna da garkuna. Waɗannan duka suka ƙara tura mutanenmu Abijan, har ya zama da wuya ka sami gida a Barmu ko Kalfu ko Afala ko Tamaske da ba shi da mutum a Treichville ko Adjame ko Abobo.

Miji yana bakin teku, mata da 'ya'ya suna cikin duwatsun Adar, tsakaninsu tafiyar kwanaki. A nan wata sana'a ta tsiro: rubuta wasiƙa. A birni akwai masu teburi a ƙofar gidan waya, da biro da ambulan da tambur, suna rubuta wasiƙa suna cika takardar manda. A ƙauye kuwa malamin allo ne da ajaminsa, ko ɗan lakwal da bokonsa.

Ni kaina a nan na ci kuɗin rubutu na farko. Wajen 1991 ina aji biyar a wani ƙauye arewa da Tawa, mahaifina yana Abijan yana tallar kayan koli. Matan unguwarmu sukan aiko a kira ni bayan la'asar. In zauna bakin ƙofar ɗaki da takardar da na yago daga tsakiyar littafina, mace tana faɗa ina rubutawa: bayan gaisuwa mai yawa, hatsi ya kusa ƙarewa, an yi wa yaro kaciya, mai bashi ya zo sau biyu. Ladana dala biyar, wani lokaci ƙwai biyu ko ƙoƙon fura. Ranar da na fara kawo kuɗin gida mahaifiyata ta ce mini, "Abin da ka ji a ɗakin mutane ya mutu cikin kunnenka." Akwai wani yaro da ya fi ni kyan rubutu nesa ba kusa ba, amma ya je dandali ya ba da labarin wata mata da ta sayar da akuyarta ba da sanin uwar mijinta ba. Daga ranar babu wadda ta sake kiran shi. Kyan hannu yana nan, ciniki ya tafi.

Sana'ar ba ta daɗe a hannunmu ba. Da rakoda ta yawaita sai mutane suka koma ɗaukar magana a kaset, a ba direba ko ɗan bida mai komawa ya kai. Mace ta gwammace mijinta ya ji muryarta da kukan jaririnsa a kan ya ji ta bakin ɗan wani. Sannan aka buɗe shagunan buga waya, sannan Celtel ta kawo salula Nijar a 2001. Cikin 'yan shekaru wasiƙar Abijan ta zama labari, manda ma ta koma hannun kamfanonin aika kuɗi irin su Al Izza da Nita. Daga cikin masu teburin ƙofar gidan waya, waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka iya tsara takardar neman aiki da ta kai ƙara da ta neman shaidar haihuwa. Suka ɗauki teburinsu suka koma kusa da kotu da ofishin magajin gari, wasu suka koyi kwamfuta. Kayan aiki sun canza sau uku a gaban idona, wanda ya iya tsara magana kuwa bai rasa abin kai wa baki ba.

Zamanin ɗab'i

A daidai lokacin da muke fama da wasiƙa, 'yan uwanmu na kudu sun riga sun buɗe wata kasuwa. A 1933 Rupert East na hukumar fassara ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa, inda aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A watan Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya, Abubakar Imam yana editanta, ana sayar da ita kwabo guda. A lura da wanda yake biya a nan: hukuma ce ta ɗauki nauyin injin da takarda da albashi, kwabon mai karatu bai isa ya riƙe jaridar shi kaɗai ba. Haka ma ƙananan jaridun yaƙi da jahilci da aka riƙa bugawa da Hausa a Nijar bayan 1960, suna rayuwa ne muddin kuɗin gwamnati ko na masu tallafi yana zuwa.

Marubutan Kano na shekarun 1980 da 1990 su ne suka gwada tsayawa da ƙafarsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Marubuci ya tara kuɗinsa ya buga, ya kai wa 'yan kasuwa, su raba a ƙasa. Littattafan suna shigo mana ta Sakkwato da Birnin Ƙonni. Lokacin da nake makarantar horon malamai ta Kaocen a nan Tawa, littafi guda yakan zaga ɗakin kwananmu har bangonsa ya cire, wasu ma haya suke ba da shi. Mutum ashirin sun karanta, kuɗin mutum ɗaya ya shiga, kuma a cikin wannan ɗin ma akwai rabon mai injin da na dillali da na mai shago. Suna na marubuci ne, amma mai riƙe da hanyar da kaya ke bi zuwa hannun mai saye shi yake fara cin riba. Da waya ta shigo sai kasuwar takarda ta ja baya, yanzu marubuta da yawa, galibi mata, suna sayar da labarinsu babi-babi a WhatsApp, ka biya a saka ka cikin zaure.

To ina kuɗin intanet yake fitowa?

Da na kawo nan sai yaron ya ce, "Mushe, ai wannan duk tsohon zance ne, yanzu kamfani ne yake biya kai tsaye." Na ce masa mu bi kuɗin mu ga mafarinsa.

Google ta fara tsarin AdSense a 2003, wanda ke saka talla a shafin mutum a ba shi kaso. YouTube ta fara a 2005, ta soma raba kuɗin talla da masu bidiyo a 2007. Tun 2018 sharaɗin samun kason talla a dogon bidiyo shi ne mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Kason mai bidiyo 55 cikin 100 ne, kuma ba a turo kuɗi sai sun kai dalar Amurka 100, wato sama da jaka hamsin na sefa. Asalin mai biyan kuɗin shi ne ɗan kasuwar da ya ba da talla, shi kuwa yana biya ne gwargwadon aljihun mai kallo. Idon mutumin Faransa ko Amurka ya fi na mutumin Takanamat tsada a wurinsa, domin wancan ana sa ran zai sayi mota ko inshora. Saboda haka kallo dubu daga ƙauyukanmu ba ya kawo abin da kallo dubu daga can yake kawowa. Kafin a kai ga wannan dala 100 kuma, kowace rana sai an sayi data, an biya cajin waya, an ɓata sa'o'in da ya kamata a yi bita. Waɗannan na yau ne kuma tabbas ne, ribar kuwa ta gobe ce, wataƙila.

Sannan filin ba naka ba ne. Manomin Adar ya san bambancin gonar gado da gonar aro: ba ka dasa itace a gonar da mai ita zai iya karɓewa baɗi. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter, duk mai ciniki a can ya wayi gari ba shago. OkadaBooks, inda marubutan Najeriya da dama suke sayar da littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023. Kamfani kuma yana iya canza doka ko ya toshe shafinka ba tare da ka sami wanda za ka kai wa kuka ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma abin da ake kira samun kuɗi a intanet alhali caca ce da aka yi wa kwalliya. A Disambar 2016 MMM ta daskarar da kuɗin jama'a a Najeriya, bayan ta yi musu alkawarin ribar 30 cikin 100 a wata. A 2024 mun ga samarinmu da manyanmu sun duƙufa danna fuskar waya dare da rana a wasan Hamster Kombat, da aka zo rabo a watan Satumba da yawa abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba. Ba zan yi wa kowa dariya ba, don ni ma na taɓa faɗawa. Wani abokin aiki ya nuna mini wani shafi da ake zuba kuɗi su ninka, ya nuna mini shaidar abin da ya cira. Na zuba jaka arba'in daga kuɗin da na ware na ragon layya. Wata na farko aka ba ni riba, na ƙara zubawa, na kuma jawo ƙanen matata. Wata na uku shafin ya ɓace. Asarar kuɗin ta yi mini ciwo, amma kunyar haɗa ido da surukaina ta fi. Da na tambayi kaina tun farko me ake sayarwa a wurin, da na gane cewa ba a sayar da komai, kuɗin na baya ake ba na gaba.

Su wa suke samu da gaske?

A abin da idona ya gani a Tawa, masu cin moriyar waya su ne waɗanda suke da abin sayarwa tun kafin wayar. Dillalin albasar Galmi da Tamaske yana tura hoton buhu da farashi zuwa Abijan da Akra, a gama ciniki kafin mota ta tashi. Tela yana saka hoton ɗinkinsa 'yan bida su yi odar kayan salla daga Libiya. Baduku da maƙerin azurfa suna samun masu saye a Yamai. Akwai matan aure masu turaren wuta da kilishi da ba su taɓa zama kasuwa ba. Akwai malamin lissafi da na sani yana ɗaukar darasin shirin jarrabawa a waya, iyaye suna biya duk wata. Babu ɗayansu da yake jiran kamfanin Amurka ya turo masa dala. Maƙwabci ne ko ɗan gari yake biya, don an biya masa bukata, kamar dai matan da suke ba ni dala biyar.

Masu suna a TikTok da YouTube da yaranmu suke kallo akwai su, wasunsu kuma suna samu. Amma mu Adarawa bai kamata wannan ya ruɗe mu ba, don mun san shi a bida. Wanda ya dawo daga Abijan da rediyo da mashin ya gina ɗakin siminti shi ake yi wa kiɗa a dandali. Goman da suka dawo da jaka ɗaya da tari, da wanda kunya ta hana shi dawowa sam, ba mai ba da labarinsu. Intanet ma masu nasara kaɗai take nuna maka.

Abin da nake ba iyaye da malamai shawara

Kada mu ce wa yaro babu kuɗi a waya, zai gane ba mu sani ba ya daina jin maganarmu. Mu yi masa tambayoyin da tarihin nan ya koya mana: wa zai biya ka, me zai saya a wurinka, wa yake riƙe da hanyar? In ya kasa amsa ta biyu, to bai kai ga sana'a ba tukuna. Duk inda aka ce ka fara zuba kuɗi ko ka kawo mutane kafin ka samu, a guje shi.

Kada a sayar da dabba ko gona don waya. Wanda zai iya, zai nuna alama da ƙaramar wayar da ke gidan. A sa masa lokaci, a ce ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu wata uku a jere, lissafin da kansa zai yi masa magana.

Mu koya musu amana irin ta mai rubuta wasiƙa. Yaro ya sani cewa ɗaukar hoton mutum ba izini, ko yaɗa sirrin gida don a sami mabiya, ko ƙaga labari, yana zubar da mutunci, kuma tun 2019 Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet da ta shafi ɓata suna da yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a. Abin da aka faɗa a dandali iska takan ɗauke, na waya kuwa yana nan har ranar neman aure ko neman aiki.

Mu kuma malamai akwai aiki a gabanmu. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ana bukatar darussa da littattafan yara da bayanin noma da kiwon lafiya cikin Hausa mai kyau, da ƙa'idar rubutu daidai. Wanda zai cika wannan giɓi shi ne yaron da ya zauna aji ya iya rubutu da lissafi, ya san wani fanni da zai yi magana a kai. In muka bar su suka fita daga makaranta da waya kawai, me za su zuba a cikinta?

Daren nan mun rabu a kan sharaɗi. Bijimi ya zauna a turkensa, yaro ya koma aji ya zauna jarrabawarsa a watan Yuni. Da hutu kuma uban ya haɗa shi da kawunsa mai fataucin albasa, yana riƙe masa lissafi yana tura wa abokan ciniki saƙo da wayar kawun, ana ba shi ɗan abin sabulu. Har yanzu yana maganar bidiyo, ban kuma hana shi ba. Na dai ce ya fara da abin da ya sani, ya nuna wa mutane yadda ake adana albasa a rudu ba ta ruɓe ba. Ya yi dariya ya ce wa zai kalli wannan? Na ce masa duk manomin da ya taɓa asarar rabin amfaninsa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su sana'a mai albarka, Ya tsare su daga cin haram. Wassalam.